Abin da Awon Jini Yake Faɗi Game da Kumburin Jijiyoyin Jini



Jawabina na yau a kan wata cuta ne wadda ba kasafai akan gamu da ita ba, amma idan ta zo takan yi ɓarna a ɓoye. Cutar ita ce kumburin jijiyoyin jini, watau hanyoyin nan da jini yake bi daga zuciya zuwa ko'ina a jiki. Kowane ɗan Adam yana da dakaru a cikin jininsa masu yaƙi da ƙwayoyin cuta. To, wani lokaci dakarun nan sukan rikice, su auka wa bangon jijiyoyin mai su. Bango ya kumbura, hanya ta tsuke, gaɓar da take jiran jini ta shiga wahala. Alamunta kuwa masu ruɗarwa ne: zazzaɓi mai daɗewa, rama, ciwon gaɓoɓi, haɓo da toshewar hanci da ba sa jin magani, wani lokaci har da tarin jini. Shi ya sa likita yakan nemi shaida daga jini.

Awo na farko shi ne wanda akan rubuta ESR a takardar asibiti. Akan zuba jini cikin wani siririn bututu, a tsai da shi, bayan awa 1 a duba milimita nawa jajayen ƙwayoyin jini suka kwanta. Idan da kumburi a jiki sukan manne wa juna, su nutse da sauri. Wani likitan ƙasar Suwidin, Westergren, shi ne ya tsara hanyar a 1921, har yau kuma da ita ake aiki. Na biyu shi ne CRP, wani sinadari da hanta take fitarwa, wanda aka gano a birnin New York a 1930. Yakan hau cikin 'yan awoyi, ya kuma sauka da wuri idan kumburi ya lafa, saboda haka yana da amfani wajen sanin ko magani yana ci.

Amma fa waɗannan biyu kamar mai kuwwa ne da dare: ya ce gobara, bai ce gidan wa ba. Tarin fuka yana ɗaga ESR, haka juna biyu, da ƙarancin jini, da tsufa. Mai ciwon sikila kuwa, nasa yana iya fitowa ƙasa ko da yana fama da kumburi, domin lanƙwasassun ƙwayoyin jininsa ba sa mannewa yadda ya kamata.

Awo na uku, ANCA, ya fi su nuna wuri. Shi yana neman makaman da jiki ya ƙera don yaƙar fararen ƙwayoyin jininsa. Likitoci a Ostareliya ne suka fara ba da labarinsu a 1982, cikin masu kumburin ƙoda, sa'an nan a 1985 wasu a Holan suka danganta su da kumburin ƙananan jijiyoyi. Iri biyu ne manya. Mai suna PR3 ya fi zuwa tare da ciwon hanci da huhu, cutarsa kuma ta fi yawan dawowa bayan sauƙi. Mai suna MPO ya fi karkata ga ƙoda.

A nan ne nake so mu yi hattara ƙwarai. Samun ANCA a jini bai isa hukunci ba. Akan same shi ga wasu masu tarin fuka, da waɗanda ƙwayar cuta ta kama murfin zuciyarsu, da wasu masu shan maganin hawan jini da ake kira hydralazine. Maganin kumburin jijiyoyi kuwa, irin su prednisolone da cyclophosphamide, aikinsa danne dakarun jiki ne. A ba mai tarin fuka irin wannan bisa kuskure, an buɗe wa maƙiyi ƙofar gari ke nan. Don haka likita yakan bincika tarin fuka da ciwon hanta na B tukuna, sau da yawa kuma sai ya tsinko ɗan ƙanƙanin nama daga ƙoda ko fata an duba kafin ya tabbatar. Kada mai haƙuri ya ɗauki wannan jinkiri ne. A ganina, wanda ya karanta takardar awonsa da kansa, ya wuce kantin magani ya sayi prednisolone, ya fi wanda bai yi awon ba shiga haɗari.

Rashin ANCA ma bai wanke mutum ba. Kumburin manyan jijiyoyi ba ya nuna shi. Wanda ya haura shekara 50, ya sami sabon ciwon kai a gefen goshi, muƙamuƙinsa na gajiya in yana tauna, ko ganinsa ya fara dusashewa, lalle ya je asibiti a ranar, gama makanta tana iya aukuwa farat ɗaya, kuma ba kasafai gani yake dawowa ba.

Saura awo guda, wanda ya fi duka araha, shi ne na fitsari. Ƙoda takan lalace ba tare da zafi ba, jinin da yake zuba cikin fitsari kuma ido ba ya ganinsa, sai ɗan tsinken awo. Wanda zazzaɓinsa ya yi makonni bai ji maganin cizon sauro ba, ya roƙi a auna fitsarinsa da ƙarfin ƙodarsa, ya kuma riƙa zuwa da tsofaffin takardunsa, domin likita ya gwada na bara da na bana.