Gidan Kayan Tarihi na Chandigarh: Gadon da Aka Raba Biyu



A birnin Chandigarh, hedkwatar jihohin Panjab da Haryana a arewacin Indiya, akwai wani gidan kayan tarihi da zane-zane wanda aka buɗe a shekarar 1968. Le Corbusier, mashahurin mai tsara gine-gine wanda ya shata birnin kansa, shi ya zana ginin. Amma asalin kayan da ke ciki ya girmi birnin nesa ba kusa ba.

Lokacin da Ingila ta bar ƙasar a 1947, aka yanka Panjab biyu, birnin Lahore ya faɗa cikin Pakistan. A 1948 sai aka kasa kayan gidan tarihin Lahore kamar yadda ake raba gado: kashi 60 cikin 100 ya zauna a Pakistan, kashi 40 ya tafi Indiya. Rabon Indiya ya yi ta yawo, daga Amritsar zuwa Shimla, daga nan zuwa Patiala, kafin ya sami matsuguni. Wanda ya tsaya tsayin daka har aka gina masa gida shi ne M. S. Randhawa, wani babban ma'aikacin gwamnati.

Mafi daraja a cikin kayan su ne sassaƙe-sassaƙen Gandhara, fiye da 600. Gandhara tsohuwar ƙasa ce a yankin Peshawar da Swat da Taxila, inda addinin Buda ya bunƙasa, musamman a zamanin sarakunan Kushan irin su Kanishka. Masassaƙanta sun gaji salon Girka da Rum, saboda haka suka fito da surar Buda a jikin dutse da gashi mai lanƙwasa da mayafi mai ninki-ninki, tamkar mutumin Rum. Sanannen mutum-mutumin nan na Buda mai azumi, wanda haƙarƙarinsa suka fito fili, yana Lahore, alhali 'yan'uwansa da yawa suna Chandigarh. Mai neman fahimtar Gandhara sosai sai ya ƙetare iyakar ƙasashe biyu da suka sha gwabza yaƙi.

Bayan waɗannan kuma akwai zane-zanen zamani. Akwai aikin Amrita Sher-Gil, wadda ta koyi zane a Faris ta rasu a Lahore a 1941, da na Satish Gujral, wanda ya ga tashin hankalin rabuwar ƙasar da idonsa, ya kuma zuba baƙin cikinsa a zane. Haɗa tsoho da sabo a ƙarƙashin rufi guda yana nuna cewa masu fasahar yankin sun daɗe suna karɓar baƙon salo su mayar da shi nasu.

Yau mabiya Buda ƙalilan ne a Panjab, duk da haka hukuma na kashe kuɗi tana tsaron kayan. Dalili kuwa shi ne, kayan tarihi shaida ce, kuma wadda ta salwanta ba ta da madadi, kamar yadda aka gani a Bamiyan ta Afganistan a 2001. Ɗalibi ya sani cewa tarihi ba ya bin iyakar da aka shata jiya. Ma'aikaci kuma ya tuna cewa da Randhawa ya bar takardun a kan tebur, da kayan sun daɗe cikin akwatuna.

Allah ya sa a amfana.