MAFIYA A TELEBIJIN: YADDA JAMA'AR ITALIYA SUKA KARƁI WASAN "LA PIOVRA"



Batun da wannan zama ya taru a kansa shi ne wani wasan kwaikwayo na ƙasar Italiya mai suna "La Piovra", da irin ƙurar da ya tayar tsakanin talakawa da ƴan siyasar ƙasar. Sunan nan na wata dabbar teku ne mai hannuwa takwas, wadda in ta kama abu ba ta saki. Da ita aka kwatanta Mafiya, wato gidajen ƴan ta'addar tsibirin Sisiliya, waɗanda ke karɓar kuɗin tilas ga ƴan kasuwa, suna fataucin miyagun ƙwayoyi, suna kashe duk wanda ya buɗe baki.

Telebijin ɗin gwamnati, RAI, ya fara nuna wasan a shekarar 1984, aka yi ta ci gaba har kashi goma, na ƙarshe a 2001. Tauraron farko shi ne wani kwamishinan ƴan sanda, Corrado Cattani, wanda Michele Placido ya fito a matsayinsa. An tura shi Sisiliya binciken kisan wanda ya gada, sai aka sace ɗiyarsa domin a karya masa ƙwarin gwiwa. Da ya bi sawu, sai sawun ya wuce unguwannin ƴan bindiga, ya shiga bankuna da ofisoshin lauyoyi da gidajen manyan ƙasa.

Ya kamata a tuna da zamanin. A 1982 Mafiya ta harbe Janar Dalla Chiesa da matarsa a birnin Palermo. A 1984 wani jigonta, Tommaso Buscetta, ya fara tona asiri gaban alƙali Giovanni Falcone. Daga 1986 zuwa 1987 aka yi babbar shari'ar Palermo, inda mutum fiye da 400 suka gurfana, aka ɗaure fiye da 300. Ashe abin da mutum ya gani cikin wasa da dare, shi zai karanta a jarida da safe.

Masu kallo sun kasu gida uku. Kashi na farko su ne talakawa, waɗanda suka rungumi Cattani kamar ɗan gidansu. Daren da aka nuna kisansa, a watan Maris na 1989, kimanin mutum miliyan 17 ne ke zaune gaban akwati. An harbe shi shi kaɗai, an jingine shi ga bango, ba wanda ya kawo masa ɗauki. Da yawa sun ji haushi, domin sun saba da wasannin da mai gaskiya ke cin nasara. Shekara uku bayan haka, ran 23 ga Mayu 1992, aka tayar da bam ƙarƙashin hanyar da Falcone ke bi a Capaci, ya mutu tare da matarsa da masu tsaronsa uku. Ran 19 ga Yuli aka kashe abokin aikinsa Paolo Borsellino. Nan aka gane cewa marubutan ba su yi ƙari ba. Mutanen Palermo, da aka sani da kame baki, suka rataya fararen zannuwan gado a tagoginsu don nuna ƙin Mafiya. Ba za a ce wasa kaɗai ya jawo haka ba, jinin alƙalan ne ya jawo. Amma shekara takwas ana koya wa jama'a sunan cutar da hanyoyinta.

Kashi na biyu su ne masu kallo na ƙetare. A Tarayyar Sobiyet da ƙasashen gabashin Turai wasan ya samu karɓuwa ƙwarai, har Placido ya zama sananne kamar ɗan ƙasa. Hukumomin can sun yarda a nuna shi domin yana fallasa ruɓewar ƴan jari-hujja, amma ba wanda zai hana mai kallo ya kwatanta abin da ya gani da halin manyan garinsu.

Kashi na uku su ne wasu ƴan siyasa, masu cewa wasan ya zubar da mutuncin Italiya a idon duniya. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne marigayi Silvio Berlusconi. A 2009, yana faraminista, ya faɗa a bainar jama'a cewa da zai samu waɗanda suka rubuta wasan da littattafan Mafiya, da ya shaƙe su. Wannan shi ne barin jaki a doki taiki. Ba marubuci ya binne bam a Capaci ba. Kuma zancen da wasan ya yi, cewa Mafiya na da ƙafa cikin siyasa, kotu ma ta taɓo shi: Giulio Andreotti, wanda ya riƙe faraminista sau bakwai, ya gurfana a Palermo daga 1995. A 2004 kotun ƙoli ta wanke shi game da abin da ya biyo bayan 1980, amma game da na kafin nan ta tabbatar da hukuncin da ya ce wa'adin tuhuma ne ya wuce.

Duk da haka, ba kowane mai ƙorafi ne ke kare kansa ba. A 2007 tashar Canale 5, mallakar kamfanin Berlusconi, ta nuna "Il capo dei capi", tarihin Totò Riina, shugaban ƴan Corleone da aka kama a 1993. A nan ɗan ta'addan ne tauraro, ana biye da shi tun yana ɗan talaka har ya zama mai faɗa a ji. Ministan shari'a na lokacin, Clemente Mastella, ya nemi a dakatar da shi, wasu kuma suka nuna fargabar matasa marasa aiki su ɗauki Riina abin koyi. Ba a dakatar ba, amma tambayar tana da nauyi.

To, ina ma'auni? Duka wasannin biyu sun nuna jini da bindiga. Abin dubawa shi ne gefen da mai kallo ke tsaye in ya tashi daga gaban akwati. Wanda ya kalli Cattani yakan tashi da baƙin cikin yadda aka bar mai gaskiya shi kaɗai, yana tambayar wa ya sayar da shi. Wanda aka nuna wa mugu cikin daraja, ba tare da hawayen marayun da ya bari ba, yana iya tashi da sha'awa.

Saboda haka aikin ƴan jarida da malamai shi ne su tattauna irin waɗannan wasanni a fili, su yaba, su soka. Aikin hukuma kuwa shi ne ta tsare ran alƙalanta, ta bar marubuta su yi aikinsu. Duk gwamnatin da wasa ya fi ɓata mata rai bisa ga kisan alƙali, jama'a na da haƙƙin su tambaye ta dalili.