Rigar kujera ta tsuke a wanki

Jawabi domin masu karatu a cibiyoyin yaƙi da jahilci na Dirku da sauran garuruwan Kawar

 

Zancen yau zancen wanki ne. Wani zai ce ƙaramar magana ce. To, ita ce ta haɗa wata mata faɗa da mai wankinta a nan Dirku, saura kwana uku Sallar Layya.

Mijin matar direban kamiyo ne, yana bin hanyar Sabha. Daga can Libiya ya kawo mata kujerun salo, irin masu soso a ciki, kowane soso da rigarsa mai zif. Aka shekara ana zama a kansu. Ƙurar Tenere kuwa ba ta sallama kafin ta shiga ɗaki. Riguna suka yi dauɗa. Matar ta tuɓe su duka goma sha biyu, ta ba wani saurayi mai wanki da guga. Shi kuma yana so ya burge ta. Ya tafasa ruwa, ya jefa kanwa, ya jiƙa su, ya cuɗa iya ƙarfinsa, ya shanya su a tsakar rana. Suka fita fes. Da aka zo mayarwa, soso ya ƙi shiga. Aka danna, aka tura da gwiwa, har zif ɗaya ya ɓalle.

Matar ta ce: "Kai yaro, waɗannan ba nawa ba ne. Ka musanya mini."

Yaro ya ce: "Wallahi Hajiya, su ne kika ba ni."

Ba ta yarda ba. Ta riƙe ladansa. Kuma a gari kamar Dirku, in aka ce mai wanki yana musanya kaya, sana'arsa ta mutu.

Aka kai magana wurin wani tsohon tela a kasuwa. Ya ɗauki abin awo. Soso santimita 60 ne. Riga kuwa ta koma 57. Ya ce: "Hajiya, kayanki ne. Yadi ne ya sha ruwa ya tsuke."

Me ke sa yadi ya tsuke?

Wanda ya taɓa ganin masaƙi yana wadari ya san yadda ake jan zare har ya miƙe tsaf. A masaƙar inji jan ya fi haka ƙarfi. Ana jan zaren auduga wajen kaɗi, a ja shi wajen saƙa, a sa masa sitaci, a busar da shi a miƙe. Haka yadi ke zuwa kanti, a miƙe fiye da tsawonsa na gaskiya. Ranar da ya shiga ruwa, sitaci ya fita, zare ya kumbura, ya saki jiki, ya koma yadda yake so. Ruwan zafi da cuɗa suna ƙara masa sauri. Tsukewar ta fi yawa ta wajen tsawo, don zaren tsaye shi ya fi shan ja. Kuma ta fi yawa a wankin farko. Telolin dā sun san haka. Ba su yanka akoko sai sun jiƙa shi ya bushe.

Ga lissafi, kowa ya rubuta a allonsa. Yadin auduga yakan rage kashi 3 zuwa 5 cikin 100, wani ma ya wuce nan. In ya rage kashi 5, mita 2 ta rasa santimita 10. A jikin babbar riga ba mai lura da wannan. Amma rigar kujera an ɗinka ta daidai da soso, ba sarari. Santimita 3 ta isa ta hana zif rufuwa.

Ba kowane yadi ke yin haka ba. A shekarar 1930 wani mutumin Amurka, Sanford Cluett, ya fito da dabarar tsuke yadi tun a masaƙa. Irin wannan yadi ba ya rage fiye da kashi 1 cikin 100. Yadin roba shi ma ruwa ba ya tsuke shi, wuta ce abokiyar gabarsa: dutsen guga mai zafi yana ƙanƙance shi, har ya narke. Ulu ya fi duka wuya. In ya haɗu da ruwan zafi da cuɗa da kanwa, gashinsa ya sarƙe ya dunƙule, ba ya sake komawa.

Kanwa arzikin Kawar ce, ba a raina ta. In ruwan rijiya na da zartsi, sabulu bai yi kumfa ba, ƴar kanwa tana taimako. Farin yadin auduga yana ɗaukar ta. Amma tana cin launi, tana ɓata ulu. Kada a sa ta a rigar kujera mai launi.

Ƴar takardar da ba a duba ba

Tela ya juya riga ɗaya ciki waje. A bakin ɗinki akwai ɗan farin ƙyalle mai zane. An zana baho, a cikinsa an rubuta 30. Shekara guda yana nan, ba wanda ya duba shi.

Wannan zane ba Larabci ba ne, ba Faransanci ba ne. Duk wanda ya san lamba zai karanta shi. Lambar da ke cikin baho ita ce iyakar zafin ruwa: 30, ko 40, ko 60. Tafasasshen ruwa 100 ne. Ruwan 30 kuwa shi ne wanda hannu bai ji zafinsa ba. In an zana hannu cikin baho, a wanke da hannu a hankali. In an soke bahon da gicciye, kada a sa kayan a ruwa ko kaɗan. Akwai kuma zanen dutsen guga mai ɗigo. Ɗigo ɗaya, zafi kaɗan. Ɗigo uku, zafi sosai, na auduga.

A lura da abu ɗaya. Da bazara a Dirku da Bilma, ruwan da ya wuni a jarka cikin rana ya wuce 30 nesa, ko ba a ɗora shi a wuta ba. A yi irin wannan wanki da sassafe, da ruwan da ya kwana a inuwa.

In ta riga ta tsuke

Ga abin da tela ya sa aka yi. Aka sake jiƙa rigunan a ruwan sanyi har suka sha. Aka matse su a hankali, ba a murɗa ba. Mutum biyu suka kama riga, wannan nan, wannan can, suna ja kaɗan kaɗan, ta tsawo sannan ta faɗi. Ba a kama wajen zif, yadi ake kamawa. Tun da sauran laima aka mayar da ita. Don soso ya zame, aka sa shi cikin babbar leda, aka naɗe shi biyu, aka tura, sannan aka zare ledar. Aka goga kyandir a haƙoran zif. Mutum ɗaya yana haɗa baki, ɗaya yana ja. Aka jingina su a inuwa, riga ta bushe a jikin sosonta. Iskar Kawar busasshiya ce, kafin la'asar an gama.

In wannan bai isa ba, tela yana iya farke ɗinki ya saki abin da aka bari a ciki, ko ya ƙara tsiri a gefen da ke kallon bango. Wasu kuma suna rage soso da wuƙa mai kaifi, faɗin yatsa ɗaya. Wannan shi ne na ƙarshe, don abin da aka yanke ba ya dawowa.

Mai son ɗinka sabuwar riga ya sayi yadi da ƙari, ya jiƙa shi kafin tela ya sa almakashi. Daga Dirku zuwa Agadas ya fi kilomita 500. In yadi ya gaza, samun irinsa sai an jira mota. Ranar wanki kuma a fara gwada riga ɗaya, a rufe zif, a juya ta ciki waje. Ƙura kaɗai ba ta bukatar ruwa, a kakkaɓe ta da sanda.

Riguna goma sha ɗaya sun shiga. Ta sha biyu, mai ɓallallen zif, tela ya canza mata zif, ya ƙara mata tsiri na wani yadi, don ba a samu irin nata a kasuwa ba. Hajiya ta aika aka kira yaro, ta biya shi ladansa, ta ƙara masa da cinyar rago ranar Salla. Kuɗin zif kuwa, tela ya ce su raba biyu, tun da dukansu ba wanda ya duba ƙyallen.