Gyarar Sayarwa: Ƙarin Kayan Wasan Bidiyo Da Aljihun Ɗalibi



Da aka ce in yi magana a kan wasan bidiyo, na san akwai waɗanda za su ce an ba yaro aikin yara. To, amma duk abin da ke fitar da kuɗi daga aljihun ɗalibi ya wuce wasa. Kowa ya san gidajen PlayStation da ake biya a buga ƙwallo, daga Zuru har Birnin Kebbi, kuma ko a nan Mahuta da wuya ka zauna cikin samari ba ka ga mai Free Fire ko eFootball a wayarsa ba. Batuna shi ne ƙarin kayan da kamfanoni ke sayarwa ta intanet bayan wasa ya riga ya shiga hannun mutum, watau sabon babi, ko sabon ɗan wasa, ko riga, ko makami. Shin sun cancanci kuɗinsu?

A kasuwarmu, in ka sayi mudun dawa, mai awo yakan ɗora maka gyara, ba ya kuwa neman ko kwabo. Masu wasan bidiyo sun juya wannan al'ada, tasu gyarar ta sayarwa ce. A 2006 kamfanin Bethesda na Amurka ya fito da lifidin doki don wasansa Oblivion, a kan dala 2.50. Aka yi ta yi masa dariya, mutane kuwa suka yi ta saye. Sauran kamfanoni suka gani, suka ɗauki darasi.

Ba zan yi zalunci in ce duka yaudara ce ba. A 2016 kamfanin CD Projekt na ƙasar Poland ya ƙara wa wasansa The Witcher 3 wani babi mai suna Blood and Wine, a kan dala 20. Sabuwar ƙasa ce sukutum, da labarin da zai ɗauki mutum fiye da sa'o'i 20. Mai saye ya san abin da zai samu tun kafin ya biya, wasan asali kuma cikakke ne ko babu ƙarin. Wannan ciniki ne, ba ni da ja. Amma a 2012 an gano cewa 'yan wasa 12 da kamfanin Capcom na Japan ya shirya sayarwa a matsayin ƙari ga Street Fighter X Tekken suna cikin faifan da mutane suka riga suka saya, kulle su kawai aka yi. Wannan kam tauye mudu ne, a dawo a sayar maka da abin da aka tauye.

Inda abin ya fi shafarmu shi ne ƙwallo. Tun 2009 kamfanin EA ya shigo da tsarin Ultimate Team cikin wasan FIFA, wanda sunansa ya koma EA Sports FC a 2023. A nan mutum yana iya sa kuɗi ya sayi ƙunshin 'yan wasa a rufe, sai ya buɗe zai san ko gwani ya samu ko ɗan benci. In bai dace ba, zuciya ta ce ya ƙara ɗaya. Hausawa suna da sunan wannan tun kafin a ƙera kwamfuta: cinikin biri a sama. Malaman fikihu kuma suna kiransa garari, suna misalta shi da sayar da kifin da ke cikin ruwa. Ba mu kaɗai muka gan shi haka ba. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin wannan ƙunshi caca ne, a farkon 2019 kuwa EA ya daina sayar da makin sayensa a ƙasar. Bugu da ƙari, in sabon wasa ya fito baɗi, 'yan wasan da ka tara bana ba za su bi ka can ba. Sai ka sake daga tushe.

Yanzu mu zo kan naira, domin da dala ake yanka farashin nan, mu kuwa ba dala muke karɓa ba. Kafin Yuni 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. A wannan lissafi, ƙarin dala 20, ko da na kirkin ne, ya zama naira 30,000. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, kuɗin ɗawainiya da asusun lamunin karatu na NELFUND ya soma ba ɗalibi a wata kuwa naira 20,000. Ban sa kuɗin datar da za a sauko da kayan ba, wadda ita ma aka amince a ƙara mata kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Abin da yake kuɗin cin abinci sau ɗaya ga Bature, a wurinmu guzurin wata ne da rabi.

Ni kaina ban tsira ba. A zangon karatun da ya wuce na sa kuɗin abincin kwana goma cikin ƙunshin wani wasan waya, ina neman ɗan gaba guda ɗaya. Ban same shi ba, sai masu tsaron gida uku. Garin kwaki na sha har ƙarshen wata, ban kuma iya gaya wa mahaifina inda kuɗin dawarsa suka shiga ba. Tun daga ranar, in an tallata mini ƙari, nakan nemi a nuna mini shi a buɗe. In an ce sai na biya zan gani, sai in kashe wayar.

Shugaba, a nan zan dakata.