KUƊIN KARATUN 'YA'YANMU: INA ZA MU SAMI CIKO?



Mun san kowa ya bar rumfarsa a hannun yaro ya zo, saboda haka ba za mu tsawaita ba sai inda ya zama tilas. Abin da ya tara mu yau shi ne maganar yaron nan, ko yarinyar nan, da suka ci jarrabawa, takardar shiga jami'a ta fito, aka yi guɗa a gida, aka raba goro. Sa'an nan dare ya yi, maigida ya kwanta, barci ya ƙi zuwa. Me ya hana shi? Lissafi. An ce masa akwai bashin karatu na Gwamnatin Tarayya, an ce akwai sukolashif na jiha. Ya haɗa su duka a kansa, ya ga har yanzu da sauran rami. To, ramin nan mu ke so mu leƙa tare.

Dattawa da ke zaune a gaba za su shaida mu. Sa'ad da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya cikin 1962, 'ya'yan talakawa kaɗan ne ke kaiwa can, amma wanda ya kai ɗin galibi hukuma ce ke ɗauke da nauyinsa, har ci da kwana. Cikin 1978 aka ƙara wa ɗalibai kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini, ya tashi daga naira 1 da kwabo 50 ya koma naira 2. Kwabo 50, jama'a! A kan wannan ɗalibai suka fito suna cewa Kanar Ahmadu Ali, wanda ke riƙe da sha'anin ilmi a lokacin, sai ya sauka, har aka harbe waɗansu a Ikko da Zariya. Yau babu wanda ke dafa wa ɗalibi abinci da rangwame, balle a yi gardamar kwabo. Ga shi kuwa hukuma na nan a kan bakanta cewa ba a biyan kuɗin koyarwa a jami'o'in Tarayya. Gaskiya ne ba a rubuta shi da wannan suna. Ana rubuta kuɗin rajista, da na jarrabawa, da na asibiti, da na laburare, da na wasanni. Akuyar ce dai, suna aka sake mata. Cikin 2023, shekarar da aka janye tallafin mai, jami'o'i da yawa suka ɗaga kuɗaɗen nan, waɗansu har ninki.

Yanzu sai maganar bashin. Ba yau aka fara ba: an kafa hukumar ba ɗalibai rance tun 1972, zamanin Janar Gowon, ta mutu don an ci ba a biya ba. Na yanzu, Shugaba Tinubu ya sa wa dokarsa hannu ran 12 ga Yuni 2023. Dokar farkon nan ta ce sai gidan da samunsa bai kai naira 500,000 a shekara ba, kuma sai yaro ya kawo mutum 2 da za su tsaya masa, irin su babban ma'aikacin Gwamnati ko lauya mai shekara 10 a aiki. Haba! Ina mai sayad da tumatir ya san lauya, in ba ran da aka kai shi ƙara ba? Da surutu ya yi yawa aka sake dokar cikin Afrilu 2024, aka cire sharuɗɗan nan biyu, aka buɗe neman ran 24 ga Mayu na shekarar. Hukumar da ke rabawa ita a ke kira NELFUND.

Ba za mu ɓoye alherin abin ba don ba mu muka kawo shi ba. Babu ruwa a kansa, watau abin da aka ci shi za a biya, don haka wanda ke gudun riba hankalinsa ya kwanta. Kuɗin makaranta ba a ba yaro a hannu, kai tsaye a ke aika wa makarantar. Ba a fara bin bashin sai shekara 2 bayan an gama bautar ƙasa, sa'an nan a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi, ko na riba in mutum sana'ar kansa ya ke yi. Makarantun Gwamnati kaɗai ya shafa, ban da na kuɗi. Mun ji waɗansu iyaye suna hana 'ya'yansu nema, wai kada yaro ya fara duniya da bashi a wuya. Mun gane tsoron. Amma bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wane ne a nan wurin bai taɓa ɗaukar kaya a hannun uban ɗakinsa ba sai ya sayar ya biya? Kuɗin nan daga baitulmalin jama'a suka fito. Ku sa yara su nema.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Ban da kuɗin makaranta, abin da aka yanka wa ɗalibi cikin 2024 don ci da sha shi ne naira 20,000 a wata. 'Yan kasuwa ne ku, ku raba da 30. Bai kai naira 700 a yini ba. Ku masu sayad da abinci ku gaya mana, kwano nawa ke nan? A ciki zai ci, a ciki zai hau mota, alhali litar mai da ba ta kai naira 200 ba a farkon 2023 ta wuce 1,000 a wurare da yawa kafin ƙarshen 2024. Ɗakunan kwanan makaranta ba su isa kowa, wanda ya rasa sai haya a gari, mai gida kuwa kuɗin shekara ya ke so a dunƙule. Ga takardun da malamai ke cewa a buga, ga waya da kuɗin da ta ke ci, ga shekarar ƙarshe da aikin bincike. Bashin ya buɗe wa yaro ƙofa, amma zaman ɗakin yana wuyan uba. Na jiha kuwa, ku kun fi mu sani: a jihohi da yawa ɗan abin kaɗan ne, kuma ya kan zo bayan an daɗe da mancewa da shi.

Har wa yau akwai maganar lokaci. Makaranta ta kan sa ranar rufe rajista, kuɗin hukuma kuma su kan zo ran da suka ga dama. Uba ya tsorata, ya ciwo bashi ya biya, daga baya kuɗin Gwamnati su iso makaranta. Cikin 2025 an yi ta kuka a jaridu cewa waɗansu makarantu sun karɓi biyu sun yi shiru. In ka biya da kanka, ka adana rasit kamad da ka ke adana takardar rumfa, yaro kuma ya je ofishin kuɗi ya nemi a mayad da naka. Hakkinka ne, ba roƙo ba ne.

To, da me a ke cike ramin? Bari mu fara da abin da mu ke roƙonku kada ku yi, don mun gani da idonmu. Akwai wani ɗan'uwanmu mai sayad da yadi, ba za mu faɗi sunansa ba, yana da rumfa mai kyau. Shekarar farko ya ɗebi kuɗin rajista da na haya daga cikin jari, ya ce ai kasuwar Salla za ta mayar. Ba ta mayar ba. Kaya suka ragu a rumfa, mai saye ya leƙo ya ga kanta fayau ya wuce gaba. Ciniki ya ja baya, sai shekara ta biyu ya sake ɗiba, a cikin jarin da ya riga ya rame. Kafin yaron ya shiga aji 3 rumfa ta koma hannun wani. Yaron bai gama ba, ƙannensa 4 kuma aka fid da su daga makarantar da su ke. Jari saniya ce, jama'a. Nononta a ke sha. Karatun jami'a shekara 4 ne, waɗansu 5 ko 6, in kuma malamai sun tafi yajin aiki, kamar na 2022 da ya ci wata 8 daga Fabrairu har Oktoba, kuɗin haya bai san yaji ba. Wanda ya yanka saniya a shekarar farko, me zai tatsa a ta uku?

Masu ba da rance ta waya kuwa, waɗanda ke turo maka saƙo da daɗin baki, ruwansu na wata ne ba na shekara ba, ran da ka makara kuma sai su bi mutanen da ke cikin wayarka suna ci maka mutunci. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Iyayenmu mata, wannan taku ce. In kuɗi suka gaza a gida mai ɗa da 'ya, wa a ke fara cewa ya haƙura? Kun sani. Alhali mu ne ke ƙorafi in an kai matanmu asibiti babu likita mace. Daga sama za ta faɗo? In tilas sai ɗaya ya jira shekara, a duba wanda ya fi ƙoƙari da wanda takardarsa ba ta jira, kada a duba ɗankwali.

Abin da mu ke gani zai fisshe mu yana hannunmu tun kaka da kakanni, watau adashi. Amma adashin karatu dabam ne da na biki. Mutum 20 in kowa ya zuba naira 5,000 a wata, ana kwasar 100,000 kowane wata. Mun sani adashi ba ya haihuwa, abin da ka zuba shi za ka kwasa, wanda ya kwasa a ƙarshe ma tsadar kaya ta ɗan ci nasa. Amfaninsa shi ne ya ba ka kuɗi a dunƙule ran da ka ke bukata, ba tare da ka taɓa jari ba. Saboda haka ba za a yi kwasa da ƙuri'a ba, ba kuma da girman rawani ba. Uwar adashi za ta riƙe takarda mai ɗauke da watan rajistar ɗan kowa, wanda nasa ya matso shi ke kwasa. Wani abin dariya, yawan yajin aiki ya warwatsa lokutan makarantu, wannan ta buɗe da rani, waccan da damina. Ɓarnar da ta cuce mu, a nan ta yi mana rana, don ba kowa ne zai zo neman kwasa a wata guda ba. Sharaɗi ɗaya mu ke so a ƙulla da ƙarfi: kuɗin ya tafi makaranta ko hannun mai gidan haya, a kawo rasit a nuna wa 'yan adashi. Mun san halinmu. Kuɗi na shiga aljihu sai suna ya taso, ko wani ya kawo kaya da araha.

Kuma kada a jira takarda ta fito. Yaro yana aji 4 na sakandare ya kamata uba ya shiga. Wanda ke da wuri a gida, tunkiya 2 da aka ɗaure wa yaro tun yanzu sun fi alkawarin ɗan siyasa 10. Wanda ke da jami'a ko kwaleji a garinsa ya yi tunani kafin ya tura yaro nesa don suna, gama tuwon gida da tabarmar gida sun ɗauke rabin wahalar. Shi ma yaron kada a ce don ya shiga jami'a ya fi ƙarfin rumfa. Ran Asabar da lokacin hutu ya zo ya zauna, ya riƙe littafin bashi, a ba shi ladansa. Dattawan kasuwa da Allah ya hore wa, da yawanku kuna fid da zakka kowace shekara, ku tambayi malamanku a kan matalaucin da ke neman ilmi, don marayun 'yan layinku suna nan, kun san gidajensu.

Kada kuwa wani ya tashi daga nan ya ce mun sauke wa hukuma nauyinta. A'a. Mu ke biyan kuɗin rumfa, mu ke biyan haraji a kan kowane kaya da ya shigo. In wakilinku na majalisa ya zo, kafin ku karɓi atamfa da sabulu ku tambaye shi abu 2: yaushe za a riƙa biyan sukolashif na jiha kafin ranar rajista, kuma yaushe za a sake duba naira 20,000 ɗin nan? In ya ce zai duba, ku ce ya sa rana.

Masu son yaransu su nemi bashin, ana bukatar lambar JAMB, da lambar katin ɗan ƙasa, da lambar banki ta BVN, da takardar shiga makaranta. Sunan yaro ya zama iri ɗaya a kansu duka, don Muhammadu a nan, Mamman a can, ya isa ya tsai da komi. Ba a biyan ko kwabo wajen nema, wanda ya ce ku kawo na goro ya shigar muku, ɓarawo ne. Ɗalibai 2 daga cikin 'ya'yanmu sun yarda su zauna a ofis ran Asabar da hantsi su taimaka wa wanda bai iya cikawa ba.

Masu son shiga adashi kuma su dakata bayan an yi addu'a. Magatakarda na nan da littafi, mata su fara, don su koma da wuri.