Mai Kiwon Kifi, Ruwa Yake Kiwo

Gaisuwa ga mutanen Kilomita Biyar, tun daga layukan da ke kewaye da Masallacin Koudoukou har cikin kasuwa, da 'yan'uwanmu na Zongo a ƙetaren kogin Ubangi, da direbobin da ke kama mu a hanyar Garoua-Boulaï.

Yau maganar wani ɗan kifi za mu yi, mai ruwan lemo da fararen ratsi uku, wanda Faransawa ke kira poisson-clown, yara kuma suka fi sani da Nemo saboda fim ɗin zane na 2003. Matasa na ganinsa a waya yana yawo a akwatin gilashi, sai su ce su ma za su ajiye a falo. To, ɗan'uwa, kafin ka zuba kuɗinka, saurara.

Wannan kifi ɗan teku ne. Gidansa tekun Indiya da Fasifik da Bahar Maliya. Ko a gaɓar Douala, wadda ke nesa da mu da sama da kilomita 1,400 a mota, ba za ka same shi ba, don ba ya rayuwa a tekun Atlantika. Duk wanda ya kawo shi Bangui, sai ya haɗa masa ƙaramin teku da hannunsa.

Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. Gishirin miya ba ya yi. Akwai na musamman da ake haɗawa don kifin teku, a narka shi a tataccen ruwa, a auna da ma'auni. Kuma ga inda mutane ke faɗawa: idan zafi ya sha ruwan akwatin, ruwa ne ya tafi, gishirin yana nan. Saboda haka ruwan daɗi ake ƙarawa a cike gurbin. Ka ƙara na gishiri, kullum ruwan ƙara kauri yake har kifin ya galabaita. Haka kuma ruwan famfo na da sinadarin kilorin mai ƙona matsar numfashin kifi, dole a kawar da shi tukuna.

Na biyu, haƙuri. Kashin kifi da ragowar abinci na rikiɗewa su zama guba mai suna amoniya. Wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani suke zama a jikin dutse da matata, su mai da ita abin da kifi zai iya jurewa. Kafin su yawaita ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida. Wanda ya sayo akwati da safe ya jefa kifi da yamma, kabari ya haƙa masa. A bar akwatin ya nuna, a gwada ruwan, sannan a kawo kifi.

Girman akwatin kada ya gaza lita 80 ga kifi biyu, kuma biyun sun isa. Wani abin mamaki: a cikinsu babban ne ke juyewa ya zama mace, mai bi masa ya tsaya namiji. In ka cusa na uku a ƙaramin wuri, sai duka da kora. Abinci kuwa ɗan kaɗan, wanda za su cinye cikin minti biyu. Ƙoshi ya fi yunwa kashe kifin gida. Kowane mako a kwashe kashi ɗaya cikin goma na ruwan, a zuba sabo mai gishiri daidai da na ciki.

Yanzu ga babbar magana a garinmu: wuta da zafi. Wutar Bangui daga madatsar Boali take zuwa, kuma kowa ya san ana ɗaukewa. Injin iska na tsayawa, iskar da ke cikin ruwa na raguwa cikin 'yan awoyi, ƙwayoyin matata su ma su soma mutuwa. Kifin yana son ɗumi tsakanin digiri 24 da 27, alhali a watan Fabrairu da Maris ɗaki mai rufin kwano ya wuce haka nesa, ruwa mai zafi kuwa ba ya riƙe iska sosai. In ba ka da sola ko batirin da zai riƙe injin dare da rana, wallahi ka haƙura.

Wani zai ce, to shi ke nan, mu ba mu da rabo? Akwai. Ubangi na cikin yankin kogin Kwango, inda ake kwasar kifin ado ana kaiwa Turai da Amurka. Ka je bakin ruwa wajen masunta. Akwai ƙananan kurungu, wasu ma rigingine suke iyo. Akwai gartsa da tarwaɗa, masu iya leƙo kai su shaƙi iska, don haka ɗauke wuta bai cika yi musu illa ba, sai dai suna girma, suna son fili da murfi don kada su tsallake. Da waɗannan za ka koyi aikin: nunar da akwati, auna abinci, canza ruwa. In ka shekara kifinka na cikin ƙoshin lafiya, sannan ka yi tunanin na teku.

Kifin Nemo da aka kula da shi kan haura shekara goma. Ke nan ba abin wasan yara na sallah ba ne, dabba ce da ka tsare, ba ta iya kuka ka ji, haƙƙinta kuma na wuyanka. Ka duba ruwanta kullum kamar yadda kake duba randar gidanka.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.