Tarabulus: Birnin 'Yan Fashin Teku da Labarin Shaihu Umar

(Jawabin da aka gabatar a taron wakilan ikilisiyoyin Anka, Gummi da Bukkuyum)

 Na san wasu sai da suka jira ayari kafin su taso.

Yau zan kai ku Tarabulus, babban birnin Libiya, inda samarinmu ke bi ta Agadas su je neman kuɗi. Garin yana bakin teku, kuma a da ya daɗe yana ci daga fashi. Sarakunansa sun riƙe jiragen ruwa masu tare 'yan kasuwa, su kwashe kaya, su tsare mutane sai an biya fansa. Ƙasar da ba ta son a taɓa jiragenta kuwa haraji take biya. A 1803 jirgin yaƙin Amurka mai suna Philadelphia ya maƙale kusa da gaɓa, mutanen sarki Yusuf Karamanli suka kama kimanin 300 da ke ciki. Sai 1805 aka sake su, bayan an biya dala 60,000. Ba sai na gaya wa mutumin da ya sayar da gonarsa don karɓo ɗansa daga daji yadda irin wannan ciniki yake ba.

Da Turawa suka matsa, fashin teku ya daina kawo riba, sarkin ya ƙara karkata ga bayin da ake korowa ta Sahara. A nan ne labarin ya iso ƙofarmu.

Masu karatu a cikinmu za su tuna da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934. An sace Umar yana ƙaramin yaro, daga baya wani Balarabe ya tafi da shi daga Kano ya ƙetare hamada. Ni dai uwar ce ta fi tsaya mini a rai. Ta fita neman ɗanta, ita ma aka mai da ita baiwa, aka kai ta Murzuk, daga nan Tarabulus. A can Umar ya same ta, ta rame, ba a jima ba ta rasu.

Ina roƙon malaman ajin yaƙi da jahilci su nemi littafin, a riƙa karanta wa mata babi ɗaya kowane mako. Da yawansu za su gane uwar nan.